Me Za Mu Ce Bayan "Littafin Ya Yi Daɗi"?

"Assalamu alaikum, Malam. Mu goma sha ɗaya ne, yawancinmu malaman makaranta a Gusau, kuma shekara guda ke nan da muka kafa ƙungiyar karatu ta mata. Muna haɗuwa Asabar biyu a wata bayan la'asar a gidan ɗaya daga cikinmu, muna kuma da zauren WhatsApp inda kowa ke faɗin abin da take karantawa. Da farko abin ya yi armashi, amma yanzu in an zauna ba a wuce 'ya yi daɗi' ko 'ya yi ma'ana', daga nan sai hira ta koma kan tsadar kayan miya. Ranar da wata ta ce wani littafi bai yi mata ba, aka yi sa-in-sa har mutum biyu suka daina zuwa, domin marubuciyar ƙawar ɗayarsu ce. Shin littattafan da muke zaɓa ne da laifi, ko mu ne ba mu iya ba? Kuma yaya mutum zai faɗi ra'ayinsa a kan littafi ba tare da an ɓata ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ƙara muku himma, domin a ce mata goma sha ɗaya, ga aiki ga hidimar gida, sun riƙe zaman karatu har shekara ta zagayo, ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Idan na fahimce ki da kyau, abu biyu ke damun ki: zaman ya yi sanyi har an rasa abin faɗi, sannan ranar da aka sami wadda ta faɗi wani abu, maganar ta zama rigima. Kin kawo su a matsayin matsala biyu, ni kuwa a ganina saiwarsu ɗaya ce, kuma na daɗe ina cin karo da ita, a aji inda na shafe fiye da shekara ashirin ina koyar da adabin Hausa, da kuma a zaman karatun da na yi ta shiga ko jagoranta. Saiwar ita ce ana hirar littafi alhali littafin ba ya buɗe a gaban kowa. Duk inda aka yi haka, abin da ke hannun mutane bai wuce abin da suka ji a ransu ba. Shi kuwa abin da mutum ya ji a ransa, jimla guda ta ishe shi ya faɗa ya gama, kuma in wani ya musa, sai ya ji kamar shi kansa aka ƙaryata.

Inda muka gaji wannan hali

Karatu a ƙasar Hausa ya daɗe yana zama abin taro. A makarantar zaure, almajiri yana zuwa da Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya ja baƙi gaɓa-gaɓa, malam yana fassarawa, sauran ɗalibai kuma suna zaune suna saurare ko da darasin ba nasu ba ne. In an tashi, su keɓe su yi bita, kowa da littafinsa a hannu, kuma wanda ya kawo wata magana za a ce masa ya nuna inda ya gan ta. Gardama ana yin ta sosai a irin wannan zama, har murya ta tashi, amma da wuya ta zama gaba, saboda akwai alƙali a tsakani, wato nassin da ke shimfiɗe a kan buzu. Da boko ya shigo ma ba a bar wannan ɗabi'a ba. Bayan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, wanda ya iya karatu shi ke karanta wa jama'ar ƙofar gida da ƙarfi, a yi ta tsokaci a kan abin da kunne ya ji yanzun nan.

Abin ya sauya kama daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da littattafan soyayya da na zaman aure suka cika kasuwannin Kano suka bazu ko'ina. Wannan zamani ya samar mana da masu karatu, musamman mata, fiye da duk wani zamani da ya gabace shi, kuma ba na cikin masu raina shi. Sai dai ki duba yadda littafin ke zuwa hannu: yawanci haya ake ɗaukowa daga shago, kwana ɗaya ko biyu, ko kuma aro daga maƙwabciya wadda ita ma wata ke jiran ta. A karance shi cikin dare, da safe a mayar. Kafin a zauna hira, littafin ya riga ya yi gida uku. Saboda haka hirar ta zama ta ba da labari daga ka: wance ta yi kaza, sai mijin ya yi kaza, ki nemi na biyu ki ji yadda aka ƙare. Wannan hira tana da daɗi matuƙar akwai wadda ba ta karanta ba. Amma ku da kuka zauna dukkanku kun karanta littafi ɗaya, wa za ta ba wa labari? Shi ya sa ake yin shiru.

Sai kuma waya ta zo da nata. Yau marubuta da yawa suna sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp ko a Wattpad, kuma an saba jin marubuciya ta ce in ba ta ga sharhi ba, ba za ta saki na gaba ba. Ba na ganin laifinta, tana neman ƙwarin gwiwa ne a kan aikin da sau da yawa kyauta take yin sa. To amma sannu a hankali kalmar sharhi ta tashi daga ma'anarta ta warware magana, ta koma yabo da addu'a da roƙon a ci gaba. Wadda ta shekara biyar tana ganin sharhi a wannan siga, ranar da ta ji wata ta ce littafi bai yi ba, kunnenta zai ji ƙiyayya ne kawai. In kika haɗa wannan da kara irin tamu, wadda ke hana mutum ya saɓa wa babba ko ya kushe abin wani a gaban idonsa, kin sami zaman da kowa ke jiran ta ji abin da Hajiya babba za ta ce domin ta ce haka ne.

Akwai kuma kalmar nan "ya yi ma'ana" ko "akwai faɗakarwa", wadda nake kallo a matsayin murfin tukunya. Mun taso da ganin cewa karanta ƙagaggen labari abu ne da sai an nema masa uzuri, don haka da an rufe littafi sai a yi maza a ciro darasi, a ce yana koyar da haƙuri, kowa ya gyaɗa kai. Ba wanda zai yi jayayya da haƙuri. Magana ta mutu ke nan tun ba ta tashi ba. Ga amsar sashen farko na tambayarki: ban ga alamar laifin littattafan ba ne, domin na ga an yi awa biyu ana tafka muhawara mai amfani a kan littafi mai rauni, na kuma ga an yi shiru a kan littafin da ya isa a kwana ana magana.

"Nuna mana wurin"

Ƙa'ida ɗaya na riƙe a duk zaman da na jagoranta, kuma daga makarantar zaure na aro ta. Duk wanda ya yanke hukunci a kan littafi, na yabo ne ko na suka, sai ya buɗe ya karanta mana wurin da ya sa shi faɗin haka. Domin a sauƙaƙa, tun kafin ranar zama kowa ya san zai zo da wuri guda da ya yi wa alama, kada ya wuce rabin shafi, wurin da ya tsaya masa a rai, ko ya ba shi dariya, ko ya ba shi haushi, ko ya kasa gane shi. Ya karanta da ƙarfi, sannan ya faɗi dalilin zaɓensa. Wadda take karatu a waya, inda babu lambar shafi, ta ɗauki hoton wurin ta ajiye, ko ta kwafe shi a takarda.

Bari in ba ki misalin abin da wannan ke haifarwa. A wani zama da muka yi da ɗalibaina manya, muna kan wani littafi na kishi, sai wata ta ce uwargidan muguwa ce, marubuciyar ma ta nuna haka. Kusan kowa ya amince. Na ce ta nuna mana wurin. Ta buɗe inda uwargidan ta kulle ɗakin girki ranar da amarya ta tare, ta karanta. Tana cikin karantawa sai wata ta ce a dakata, a sake layin da ya wuce. Ashe a cikin rabin jimla marubuciyar ta ambaci cewa kuɗin adashin uwargidan ne maigidan ya ranta ya haɗa lefe, kuma bai biya ba. Mu goma sha wani abu mun karanta littafin, mutum ɗaya ce ta lura da wannan, ita ma sai da ta ji shi a kunne. Daga nan zaman ya kama wuta: shin marubuciyar da gangan ta ɓoye wannan a tsakiyar jimla domin ta gwada mai karatu, ko ita kanta ba ta ga nauyinsa ba? In ta gani, me ya sa a ƙarshe uwargidan kaɗai aka sa ta nemi gafara? Har aka kira magariba ba mu rabu ba, kuma babu wadda ta ji an taɓa mutuncinta, domin duk idanu suna kan takarda.

Karatu da ƙarfi yana da wani amfanin da ba a cika lura da shi ba. Hausa harshe ne da kunne ke auna shi. Zancen da aka sa a bakin tsohuwar ƙauye, in bai yi kama da bakin tsohuwa ba, da an furta shi za a ji ya yi bambaraƙwai, ko da ido ya wuce shi lami lafiya. Karin maganar da aka cusa ba a muhallinta ba, da jimlar da aka gina da ƙashin Turanci aka lulluɓe da kalmomin Hausa, duk a baki suke tonuwa. Ku da kuke Gusau ma kuna da wani abin lura na musamman: yawancin littattafan nan da Hausar Kano aka rubuta su, kuma in marubuci ya ce tauraronsa Bazamfare ne ko Basakkwace, ku ne za ku faɗa mana ko ya iya sa masa magana a baki.

Ba sai kun haddace kalmomin manazarta ba. A aji muna maganar jigo da zubi da tsari da salo da taurari, kuma suna da amfaninsu ga mai rubuta jarrabawa. A zaman gida na fi son tambayoyin da kowa zai iya amsawa. Wane ne ke ba da labarin nan, kuma me zai ƙaru da shi in mun yarda da shi? A ina kika fara zargin yadda za a ƙare? Wace ce aka hana ta magana a littafin nan tun daga farko har ƙarshe? Da an cire babi na kaza, me za a rasa? Ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda kusan dukkanmu mun karanta tun muna yara. Yawancin mutane labaran ciki suke tunawa, su manta cewa a littafi na farko aku yana zuba su ne domin ya riƙe Musa ɗan sarki kada ya fita daga gida ya faɗa tarkon waziri. Da zarar an tuna da wannan, sai tambaya ta taso a kan kowane labari: me ya sa akun ya zaɓi wannan a wannan daren? Littafin da aka ɗauka an gama da shi tun firamare sai ya dawo sabo.

Wani ƙaramin gyara da ke aiki fiye da yadda ake zato shi ne tsarin magana. A bar ƙarama ta fara, a bi da bi har a zo kan babba a ƙarshe. In shugabar makaranta ko wadda ta fi kowa shekaru ta fara, an gama. Kuma jagorancin zama ya riƙa zagayawa, wadda aka zauna a gidanta kada ta zama ita ce jagora a ranar, domin hankalinta na kan baƙi da abin sha.

Littafi ɗaya ko kowa da nata

Ƙungiyoyi sukan rabu a nan, kuma kowace hanya da abin da take bayarwa. In kowa ta zo da abin da take karantawa, ana samun faɗi: wata tana kan tarihin Daular Usmaniyya, wata tana kan fassararren labari, wata tana kan littafin renon yara, a tashi kowa ta ji sunan abin da ba ta sani ba. Rauninsa shi ne ba mai iya ce wa wata a'a, tunda ita kaɗai ta karanta, sai zaman ya zama jerin sanarwa. Littafi ɗaya ga kowa shi ke kawo zurfi, amma yana da tsada, kuma kullum akwai wadda ba ta gama ba, ta zo tana jin kunya ko ta ƙi zuwa gaba ɗaya.

Tunda sau biyu kuke zama a wata, shawarata ku raba. Zama ɗaya na littafin da aka haɗu a kai, ɗayan kuma na abin da ke hannun kowa, da sharaɗin nan dai na karanto rabin shafi. A na biyun ina ƙara sharaɗi guda: bayan ta karanta, ta faɗi wace ce a cikin zaman take ganin littafin zai dace da ita, da dalili. Wannan yana tilasta mata ta yi tunanin littafin fiye da daɗin da ta ji, kuma aro yakan biyo baya nan take. Game da wadda ba ta gama ba, ku rage nauyin. Babu dokar da ta ce sai an cinye littafi a zama ɗaya. Babi uku sun isa. Gajerun labarai ma sun fi dacewa da mutane masu aiki, kuma tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016 ana samun gajerun labaran da za a iya karance su a zaune a cikin minti ashirin, a tattauna a ranar. Na sha farfaɗo da zaman da ya fara mutuwa da gajeren labari guda da aka karanta tare daga farko har ƙarshe.

Zauren WhatsApp ɗinku ku bar shi a kan abin da ya iya: sanar da abin da ake karantawa, tura hoton wani layi da ya burge mutum, tuna ranar zama. Suka mai nauyi a ajiye ta sai an haɗu, domin rubutu ba ya ɗauke da murmushi ko sassaucin murya, kuma saƙon da aka rubuta cikin raha ana iya karanta shi cikin fushi. Ku kuma yi yarjejeniya cewa ba a tona ƙarshen labari a zaure sai ranar zama ta wuce. Wani abin da ba zan tsallake ba: littafin da marubuciya ta sa wa kuɗi, kada wata ta saya ta watsa wa sauran goma a matsayin taimakon ƙungiya. Haƙƙin mutum ne. In kuɗi ne matsala, a yi karo-karo a sayi na takarda biyu ko uku a riƙa zagayawa da su.

Yadda ake cewa bai yi ba

Yanzu ga sashe na biyu na tambayarki. "Bai yi mini ba" magana ce halattacciya, kuma zaman da ba a iya faɗin ta ba shi da amfani. Matsalarta ita ce a dunƙule take. A cikinta akwai mai nufin ba ta yarda da abin da littafin ke kira zuwa gare shi ba, akwai mai nufin an ja labarin ya yi tsawo ko an yi gaggawar kashe shi, akwai kuma wadda labarin ya fama mata wani ciwo nata da ba ta son faɗi. Aikin jagorar zama shi ne ta taimaka a warware ƙullin cikin ladabi, ta ce, "Yaya, wane wuri ne ya fara fita daga ranki?" In ta buɗe ta nuna cewa yarinyar da aka ce ba ta taɓa shiga aji ba ta rubuta wasiƙa mai shafi biyu a babi na tara, ƙawar marubuciya ba ta da abin jin haushi, ko dai ta nuna inda aka yi bayanin hakan, ko ta yarda an yi tuntuɓe. Ina kuma roƙon mai suka ta fara da faɗin abin da take ganin marubucin ya so ya yi, kafin ta ce bai kai ba. Sau da yawa a nan ake gano cewa tana tuhumar littafin soyayya ne da laifin rashin zama littafin tarihi.

Abin da na hana ɗungurungum shi ne tsallakawa daga littafi zuwa mai littafi. "Wannan babin bai tsaru ba" magana ce da za a iya dubawa. "Ai ita dama ba ta iya komai ba, kuɗi take nema" ba ta da shafin da za a buɗe. Haka ma ɗora wa marubuci halin tauraronsa, a ce tunda ta iya siffanta bariki to ta san bariki. Wannan zalunci ne da ya daɗe yana bin marubuta mata a ƙasar nan, har wasu suka koma ɓoye sunayensu.

Manya ma sun yi irin wannan rigima, kuma a bainar jama'a. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu da mujallu a kan littattafan nan na Kano. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yawancinsu ba su da nagartar da za su daɗe, yayin da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya a kan cewa adabi ne na zamaninsa da ya cancanci a nazarce shi da mutunci. Marubutan kansu, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, sun riga sun haɗu a ƙungiyar da suka kira Raina Kama, sunan da shi kansa amsa ce ga masu raini. An yi zafi ƙwarai. Abin da na ɗauka daga wannan muhawara shi ne ta fi amfani a duk lokacin da wani ya ɗauko littafi takamaimai ya ce ga abin da ke ciki, ta kuma fi zama hayaniya a lokacin da ake yi wa ɗaruruwan littattafai kuɗin goro. Littafin Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito daga cikin waɗanda aka yi wa kuɗin goron, shi ne daga baya aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Batun ƙawance kuwa, a fito da shi fili tun kafin a fara. In littafin 'yar'uwar wata ne ko ƙawarta, ta faɗa, a tambaye ta ko za ta iya jin suka a kansa. In ba za ta iya ba, a zaɓi wani, babu abin kunya a ciki. Kuma kada ku gayyaci marubuci zaman da za ku auna littafinsa. Ku gama naku tukuna, ku tace tambayoyinku, sannan in kuna so ku kira shi a wata rana ta daban a matsayin baƙo. Zaman da marubuci ke karanta aikinsa domin a yi masa gyara wani abu ne dabam, irin wanda rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, suka saba yi. Can marubucin da ƙafarsa ya zo neman gyaran, kuma ya shirya masa.

Iyakar abin da zan iya cewa

Duk abin da na faɗa daga ƙananan zama na samo shi, na mutum takwas zuwa goma sha biyar da suka san juna, kuma mafi yawa a kan ƙagaggun labarai. In kuka koma kan littattafan addini, ƙa'idar buɗe littafi tana nan, amma can kuna bukatar malami ko malama a tsakaninku, domin ra'ayi ba ya wadatarwa. Kuma dabarun nan ba sa hana ƙungiya mutuwa. Na taɓa kashe wata da hannuna: na kasa cire rigar malanta, duk wanda ya yi magana sai na gyara masa na ƙara da bayanin minti goma, har mutane suka koma zuwa sauraron lacca, daga baya suka daina zuwa. Ku da yawancinku malamai ne, wannan haɗari yana kusa da ku. Wani lokaci kuma babu laifin kowa, aure ne ko canjin wurin aiki ko haihuwa ke ɗauke mutane ɗaya bayan ɗaya. Hirar tsadar kayan miya ma kada ku yaƙe ta gaba ɗaya, don tana cikin abin da ke kawo mutane. Ku ba ta rabin awa na farko, sannan a buɗe littafi.

Su kuma biyun da suka daina zuwa, saƙon waya ba zai dawo da su ba. Ku tashi mutum biyu, ke da wata wadda suke jin nauyinta, ku taka har gida, kada ku tayar da maganar wa ke da gaskiya a kan wancan littafin. Ku gaya musu an sauya tsarin zama, kuma littafi na gaba na wanda ya daɗe da rasuwa ne, ba ƙawar kowa. Da ni ne, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zan ɗauka, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a 1933. Gajere ne, ana samun sa, kuma yana da tambayar da ta isa ta raba zama gida biyu ba tare da an ɓata ba: malamin yana ba ɗalibansa labarin yadda aka sace shi yana yaro da yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ta faɗa hannun masu bauta, amma yana faɗa ne cikin natsuwa, ba ya tsayawa la'antar kowa. Wasu masu karatu suna ganin natsuwar nan tawakkali ce, wasu suna ganin ta fi kuka ciwo, wasu kuma suna ganin an yi wa bauta sassauci. Ku roƙi ɗaya daga cikin biyun ta zaɓo wurin da za a fara karantawa ranar Asabar ɗin, ɗayar kuma ta jagoranci zaman.